Ranar da Baba Majo Ya Ce Kada Kawu Ya Daina Sha

Jama'a ku taya ni murna, wallahi yau bakina har kunne! Kawu Ilu ya ga Sallah da ransa da hankalinsa, kuma tun cikin watan Sha'aban ko ɗigon giya bai shiga bakinsa ba. E, giya na ce, ba yatsana ne ya zame ba. Kuma kafin wani ya ɗauki waya ya kai wa Mama tsegumi, Kawun da kansa ya ce in rubuta. Cewa ya yi, "Uwa, duk Zango babu wanda bai san ina sha ba, ni kaɗai nake zaton sirri ne. Rubuta abinki." Uwa yake ce mini, shi da duk 'yan'uwan Mama, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Labarin da ɗan tsawo fa, wanda forfensa na intanet ya kusa ƙarewa ya je ya sa tukuna.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ina shekarar ƙarshe a lekol ɗin lafiya a nan Damagaram. Da aka raba mu istaj, wato koyon aiki a asibiti, ni da ƙawayena biyu aka tura mu wurin masu fama da shaye-shaye. Kai, har rawa muka taka! 'Yan ajinmu suna can wurin haihuwa suna kwana a tsaye, mu kuwa an ba mu sabis ɗin hira. Ka zauna a kujera, ka ce wa mutum shaye-shaye ba kyau, ka ji tsoron Allah, ka tuna da iyayenka, shi ke nan a sa maka hannu a takarda. Ƙawata har da cewa za ta riƙa zuwa da lalle tana ƙunshi.

Shugaban wurin shi ne Majo Kiyari, kowa Baba Majo yake ce masa. Dattijo ne, Babarbare, dogo, da gemu fari tas, ya je Makka, kuma tun kafin a haife mu yake wannan aikin. Ranar farko ya dube mu ta saman tabarau, ya yi mana sannu da Barbarci ya ce, "Wushe, wushe, 'yan hutu. Na ji an ce kun ci sa'a." Muka dubi juna. Ya ce, "Ku zo ku ga kayan aiki."

Mun zata allurai zai fito da su. Sai ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur. Kwalabe ne babu komai a ciki, an kankare musu takarda: babba, matsakaiciya, 'yar ƙarama mai shiga aljihu. Ga kofin shayi, ga kofin silba, ga 'yar ƙwarya, ga ledojin nan ƙanana na giyar jin da ake sayarwa a ɓoye, ga katin ƙwayoyi da aka ɓare. Daga gefe abin awon tansiyo, wato hawan jini, tocila, da farar takarda guda ɗaya.

Ya ce, "Mutumin garin nan zai iya gaya muku ya yi sata, amma bakinsa ba zai iya cewa na sha giya kwalba kaza ba. Ba ƙarya ce yake so ya yi ba, kalmar ce take maƙale masa a wuya. To ni ba na sa shi ya faɗa. Ina jera masa waɗannan, in ce nuna mini. Yatsa ba ya jin kunya kamar baki. Zai taɓa wannan, ya ce zuwa nan. In ce sau ɗaya? Ya ɗaga yatsu. Mun gama, bai ambaci sunan komai ba, ni kuma na san abin da ke cikin jikinsa. Ku dubi kujerar nan kuma. Ba a gabana take ba, a gefena take. In ka sa mutum a gabanka ka zuba masa ido, ya zama yana gaban komisan 'yan sanda. Ƙofar can ta baya ma kayan aiki ce. Ta nan alhazai da manyan ma'aikata suke shigowa, su ce tansiyo suka zo aunawa."

Ƙawata ta ce, "Baba Majo, to yaushe ake yi musu nasiha?"

Ya ce, "'Yar nan, wanda ya kawo kansa nan ya sha nasiha ta shekara da shekaru. Uwarsa ta yi, matarsa ta yi, liman ya yi, kuma duk sun fi ki iyawa. In da nasiha ce ta rage, da ba a biya na albashi."

Shi ma ba a littafi ya fara koyo ba. Ya ce farkon aikinsa a Gidimuni aka ajiye shi, ƙarƙashin wata madam da ta tsufa a aikin jinya. "Wata da watanni ba ta bar ni na buɗe baki a gaban marar lafiya ba. Aikina dafa shayi da riƙe almakashi. Wata rana wani mai ban-ruwa a garakan bakin tafki ya zo da sara a ƙafa. Sara ne na wanki da ɗauri, a sallame shi. Sai na ga madam tana wankewa a hankali kamar ba ta da wani aiki a duniya. Ba ta ce masa kana sha ba. Cewa ta yi, ba ni labarin jiya, tun daga sallar asuba. Ya fara: na tashi, na yi salla, na tafi garka. Ta ce kafin ka tafi me ya shiga cikinka? Ya ce koko. Ta ce kafin kokon fa? Ya yi shiru. A cikin shirun nan aikin yake. Ni da na matsu in cike shi da magana, ta taka mini ƙafa. Da ya gaji da shirun, shi ya faɗa da kansa. Har yau da wannan tambayar nake cin abinci: ba ni labarin jiya."

Mun ga haka da idonmu. An kawo wani ɗan kabu-kabu da ya faɗi da fasinja, wai jiri. Baba Majo ya bi jiyarsa daki-daki, daga mai shayin tasha har komawa gida, sai ga tramol a cikin kofi tun da sassafe, wani da azahar, wani da yamma don kada bayansa ya riƙe. Bai zage shi ba. Tambayarsa ya yi, "Me take yi maka?" Yaron ya ce tana sa shi ya wuni a kan moto bai ji komai ba. Baba Majo ya ce, "To ka ga tana yi maka aiki. Yanzu mu duba abin da take karɓa a hannunka." Bayan ya fita ya ce mana, "In ba ku san amfanin da abu yake yi wa mutum ba, ba ku san ramin da za ku bari in kun cire shi ba." A ranar ƙawata ta mayar da lallenta gida.

Muna shiga Sha'aban sai muka ga dattijon ya canza. Ba ya zama a buro. Da safe yana tasha, da rana yana garejin makanikai, da yamma yana fadojin samari yana shan shayinsu. Na ce, "Baba Majo, kamfen ka shiga ne?" Ya ce, "Wannan watan shi ne daminata. Zauna ki ji dalili."

"Akwai wata shekara da azumi ya faɗo tsakiyar zafi. An kawo mini wani mushe, wato malamin makaranta, da yake koyarwa a wani ƙauye ta wajen Gaffati. Mutumin kirki, yara suna son shi, mutanen gari suna son shi. Ya daɗe yana sha a ɓoye, kullum, ba fashi. Daren ganin wata ya yi niyya mai kyau, ya zubar da abin da ya rage, ya ce ya tuba. Rana ta farko hannu na rawa, gumi na zuba, ya daure. Ta biyu ya fara ganin abin da babu. Ta uku ya faɗi yana shure-shure. Mutanen gari suka ce iska ce, aka yi turare, aka yi addu'a, aka ɗaure shi don kada ya ji wa kansa ciwo. Kuma duk wannan da azumi a bakinsa, ko ruwa bai yarda a ba shi ba. Don ƙauna suka yi, ba don mugunta ba. Lokacin da amalanke ta iso da shi, na sa masa ƙarin ruwa, dokta ya yi abin da zai iya. Bai kai la'asar ba. Kuma a azumin nan ba shi kaɗai ba ne.

"Ku riƙe wannan ko da kun manta komai. Ba duk mai sha ba ne. Amma wanda ya shekara da shekaru yana sha kullum, wanda sai ya kurɓa da safe hannunsa yake tsayawa, jikinsa ya riga ya jingina da ita. In ka fizge ta rana ɗaya, jikin yana iya rikicewa har ya tafi da ran. Mai tramol in ya daina zai sha wuya kamar ya mutu. Mai giya irin wannan yana iya mutuwar da gaske. Ana cire ta, amma a kan gado, da magani, da mai duba shi. A garin nan kuwa kowa ranar ɗaya ga azumi yake ajiye wa tubansa. Shi ya sa nake bin su tun yanzu."

Jama'a, yana magana, ni Kawu Ilu nake tunawa. Don a gidanmu an riga an gama shiri.

Kawu Ilu tela ne a Zango, kuma wanda ya san ɗinki ya san hannunsa. Amma shekarun nan abin ya ci ƙarfinsa. Da ya ɓata wa wani mutum shadda mai tsada, yanka ya karkace, babban wansu Alhaji Mutari ya tara dangi ya yanke hukunci. Daren ganin wata za a kai Kawu ɗakin da ke bayan gidan Alhaji, a rufe. Sahur da buɗa-baki za a miƙa masa, sai ranar Sallah ya fito. Alhaji ya sa an share ɗakin, an sa sabuwar katifa da fanka. Kowa ya ce Allah ya saka wa Alhaji. Har Kawun ya yarda, yana hawaye. Sai a lokacin na tuna bara: rana ta biyu ga azumi ya faɗi a kan kekensa, muka ce zafi ne.

Na gaya wa Baba Majo. Na ce bari in kira shi ya zo yanzu. Ya ce, "In 'yar ƙanwarsa ta kira shi wurin mashaya, ba zai zo ba, kuma ba zai ƙara kallon idonki ba. Ina da yadi a gida."

Washegari da hantsi muka je shagon, shi a gaba da yadinsa a hammata, ni a baya kamar rakiya. Kawu ya tashi da fara'a. "A'a, Uwa, yau kin kawo mini babban kilyan!" Ya ɗauko tef zai auna kafaɗa. Tef ɗin yana kaɗawa kamar ana yi masa fifita. Ya sake gwadawa, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "Sanyin safe ne, Alhaji." Sanyi, a watan da kwalta take narkewa!

Baba Majo ya ce, "Ni ma aikina awo ne, maigida. Kai ka auna ni yau, gobe ka zo in auna ka, mu yi ragas. Akwai ƙofa ta baya."

Kawu ya dube ni, ya dubi tef ɗin. Ya ce, "Ƙarfe nawa?"

Da ya zo, na ɗauko kujera zan zauna kamar kullum. Baba Majo ya ce, "Ina za ki? Yau ke ba 'yar istaj ba ce, ke dangi ce. Waje." Haka na zauna a benci ina cizon farce. Abin da ya faru a ciki Kawu ne ya ba ni daga baya, yana yi yana dariya.

Ya ce, "Uwa, mutumin nan maye ne. Ya jera mini kwalabe kamar mai kanti. Na taɓa 'yar ƙaramar don in rage wa kaina kunya. Ya ce to, wannan ta safe ce, ta dare fa? Ya sa na miƙe hannu ya ɗora mini takarda, takardar nan tana rawa kamar an kunna mata kiɗa. Ya haska idona, ya auna tansiyo, ya kira dokta ya latsa mini ciki. Sannan ya ce me kake tsoron rasawa? Na zata zan ce lahira. Wallahi sai na ji bakina ya ce hannuna. Sai zuciyata ta taso, na buga tebur na ce, Majo, ba sai azumi ba, daga yau na daina! Ina jiran ya ce Allah ya yi albarka. Sai ya ce, a'a, ba yau ba."

Matsalar ita ce gadajen wurin 'yan kaɗan ne, kuma duk da mutane. Sai Litinin za a sallami wani. Dokta da Baba Majo suka ce kafin Litinin kada ya ƙara a kan abin da ya saba, kada kuma ya yanke. Kada ya hau moto, kullum da safe ya zo a auna shi, in ya ji wani abu ya canza a kawo shi nan take ko gado babu.

To, wa zai gaya wa Alhaji Mutari? Don Kawu, da murnarsa, ya riga ya je ya faɗa masa ya shirya dainawa, Alhaji kuma ya ce tunda ya shirya, a kai shi ɗakin tun daren nan, ba sai an ga wata ba. Da na ji haka na kira Baba Majo nan take. Ya ce, "Ki tambayi kawunki ko ya yarda in yi magana da wansa." Kawu ya yarda. Bayan la'asar muka same su a zauren Alhaji.

An yi gaisuwa mai tsawo, an kawo ruwa. Alhaji ya ce, "Majo, an ce ka ce wani abu, na ce ƙarya ake yi maka."

"Ba ƙarya ba ne, Alhaji. Na ce kada ya daina sai Litinin."

Alhaji ya ajiye carbinsa. "Subhanallahi. Da gemunka? Da Makkarka? Shekara nawa muna roƙon Allah ya nuna mana ranar da yaron nan zai ce ya bari. Yau ya faɗa da bakinsa, kai kuma ka ce ya koma? Uwa, wannan ne karatun da ake koya muku?"

Na sunkuyar da kai. Baba Majo ko gezau. Ya ce, "Alhaji, ban ce halal ce ba. Wannan fannin malamai ne, ka je ka tambaye su, kuma ka gaya musu duk abin da na faɗa. Ni jikinsa na auna. Bara an ce ya faɗi a shago. Rana ta nawa ga azumi?"

"Ta biyu. Zafi ne."

"Duk telolin layin a zafin suke. Shi kaɗai ya faɗi. Da ya farfaɗo, yaushe ya warware?"

Alhaji ya ce, "Washegari ya tashi garau."

"Wane magani aka ba shi?"

Alhaji ya juya ya dubi Kawu. Kawu yana kallon tabarma. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Yaya, bayan isha'i na fita."

Baba Majo ya ce, "Abin da ya je ya sha ne ya tashe shi. Bara ƙofa a buɗe take. Bana jikinsa ya fi na bara lalacewa, kai kuma za ka rufe ƙofar. In ya faɗi a ɗakin nan yana shure-shure, me ke hannunka da za ka ba shi? Ni ina da abin ba shi, amma gadon sai Litinin. Kai da ni abu ɗaya muke so. Ni dai ina so in ya tuba ya daɗe yana cin moriyar tuban."

Alhaji ya ɗauki carbinsa. Ya tashi ya sa takalmi ya fita, muka bi shi da ido. Ashe wurin malaminsa ya je. Me suka tattauna, bai gaya wa kowa ba. Ya dawo daf da magariba, bai zauna ba. Ya ce, "Ilu, daga nan zuwa Litinin ban gan ka ba, ba ka gan ni ba. Litinin ni zan kai ka da kaina." Ya juya wurin Baba Majo. "In ya mutu a hannunka fa?"

"Rai na Allah ne, Alhaji. Amma ba zai kasance shi kaɗai a ɗaki ba."

Litinin tun kafin a buɗe ƙofa suna wurin. Kuma Alhaji ta ƙofar gaba ya shigo, da babbar rigarsa, kowa yana kallo.

Kwanakin nan ba zan yi muku ƙarya ba, babu daɗin gani. Ana ba shi magani a kan lokaci, ana ragewa a hankali, ga ƙarin ruwa, ga allurar bitamin, ga awon tansiyo ba dare ba rana. Duk da haka wata rana da azahar na leƙa na tarar Kawu yana jiƙe sharkaf da gumi, yana kama zare a iska yana zurawa a allurar da babu ita. Sai ya ƙwala ihu wai ƙadangaru sun cika bango suna saukowa. Aka kira dokta da gudu, aka ƙara magani. Alhaji, wanda ya rufe kantinsa ya tare a wurin, ya tsaya jikin gado fuskarsa ta yi fari. Da abin ya lafa ya ce, "Majo, da a ɗakina ne fa?" Baba Majo ya miƙa masa kofi ya ce, "Riƙe masa, ya kurɓa kaɗan-kaɗan."

Kafin a ga wata an sallame shi. Ni har na fara guɗa. Baba Majo ya ce, "Ajiye guɗarki. Wancan aikin magani ne, kowa zai iya koya. Yanzu namu ya fara." Kowane mako Kawu yana zuwa, su zauna gefe da gefe. Suka gano lokacin da abin yake taso masa, bayan ya rufe shago. Suka gano hanya, don hanyarsa ta gida ta gaban wurin shan take bi, sai ya koma zagayawa ta bayan kasuwa. Ga kuma azumi, lokacin da teloli suke kwana a kan keke, wasu da ƙwaya a cikin kofi. Baba Majo ya ce kada ya fita daga rami ya faɗa wani, ya karɓi rabin aikin da ya saba. Kawu ya yi ta mita, wai kilyan za su gudu. Wasu sun gudu ɗin. Kwanakin farko dokta ya hana shi azumi, zai rama, sauran kuwa ya yi abinsa.

Ana saura kaɗan Sallah Baba Majo ya ce masa, "Azumi katanga ne, ya tare maka. Ranar Sallah katangar za ta faɗi, ga kuɗin ɗinki a aljihu, ga abokai. Zaɓi mutum ɗaya da za ka kira in ƙafarka ta ɗauke ka." Na ɗauka Mama zai ce. Ya ce, "Yaya." Aka kira Alhaji aka ba shi nasa darasin: in Kawu ya kira, babu tambaya, babu wa'azi, babu na faɗa maka. Ka je kawai. Alhaji ya ce, "Ko kalma ɗaya?" Baba Majo ya ce, "Sallama ta isa." Alhaji ya ce wannan ya fi azumin wuya.

Ranar Sallah da yamma muna gidan Alhaji, gida cike, an baje tuwo da miyar kaji. Kawu ya ce zai je gaida abokai. Alhaji ya wanke hannu ke nan ya kai loma ta farko, wayarsa ta yi ƙara. Ya duba, ya ajiye lomar. Motarsa baƙi sun tare ta, sai ya fizgi makullin moton ɗansa. Jama'a, Alhaji Mutari a kan moto, babbar riga ta cika da iska, hula a karkace! Yara suna dariya, ni da Mama kuwa mun bar abincin muna jira.

Ba a daɗe ba muka ji moton. Ga Kawu a baya, ya riƙe rigar wansa da hannu biyu. Daga baya ya gaya mini har bakin ƙofar wurin ya je, ya tsaya, yana jin muryoyin abokansa a ciki, ɗaya ma ya leƙo ya ce shigo mana, Ilu, yau Sallah. Ya ce bai san lokacin da ya danna wayar ba. Suka shigo. Na ga bakin Alhaji yana motsi, maganar tana son fitowa, ya danne ta da ƙyar. Ya koma wurinsa, ya jawo kwanon zuwa tsakiya, ya ce, "Wanke hannu." Kawu ya zauna, ya dube ni ya ce, "Uwa, ba ku cinye cinyar ba dai ko?"

Na kai wa Baba Majo labari ina tsalle. Ya ce, "Madalla. Ki ce masa randebunsa na nan ranar Alhamis." Wai abin ba a cewa an gama, yana iya zamewa, in ya zame kuma a dawo a ci gaba, ba a kore shi ba. Baba Majo, na san ba ka shiga gurup, amma za a karanta maka: mun gode, mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ƙara lafiya. Dokta da masu gadin dare, mersi. Kawu Alhaji, Allah ya bar zumunci.

Roƙona ɗaya. Kusan kowace unguwa akwai mai irin halin Kawu, kuma akwai dangin da suke shirin rufe shi a ɗaki don suna ƙaunarsa. In mutum kullum yake sha, in hannunsa na rawa da safe, in ya taɓa faɗuwa da ya gwada bari, kada ku sa shi ya yanke shi kaɗai. Ku kai shi likita a auna shi tukuna, kuma kada ku jira sai an ga wata. Don Allah ku tura wannan a gurup ɗin gidanku, ku tura wa 'yan fadarku, wanda bai iya karatu ba ku karanta masa.